Fatalwar Aro

Jama'a, ku gyara zama, yau da takaici na zo muku, irin takaicin nan da ke sa mutum dariya shi kaɗai a ɗaki har a leƙo a ga ko lafiya. Duk wadda ta taɓa zama gaban ƙato mai gemu yana fahariya da gumin wani, ita za ta fi gane ni.

Ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da shida, na gama karatun kwamfuta, amma a wurin Gwaggo, yayar Baba, ba ni da wani suna sai "wadda ta rage". Duk ranar da ta zo, kafin ta cire takalmi sai ta ɗaga murya ta tambayi Umma, "Har yanzu tana ɗaki tana danne-danne?"

Danne-dannen da take nufi na'urar gem ce da Yaya ya bar mini lokacin da aiki ya kai shi nesa. A cikin duk abin da ke kanta akwai gem ɗaya da ya shiga raina, na biyu ne a jerinsa. Ba irin na harbe-harben nan ba ne da ake shiga da ihu. Wata 'yar leƙen asiri ake ba ka, a jefa ka birni mai cike da masu gadi da karnuka da fitilu, a ce ka shiga gidan wane ka ɗauko takarda ka fito. Idan ka ga dama ka zare wuƙa ka yi ta sara, gem ɗin ba zai hana ka ba, raina ka kawai zai yi. Gwanintar ita ce ka bi ta kan rufi, ka laɓe bayan labule, ka jefa kwalba can gefe, mai gadi ya tafi dubawa, ka wuce ta bayansa kamar iska. Wanda ya gama babi goma sha biyu babu wanda ya gan shi, bai kuma kashe ko ƙuda ba, shi ake ba lambar Fatalwa.

Sau tara na ci lambar nan. Ɗaya tawa ce, takwas na mutane.

To ga asirina, ku riƙe mini. A dandalin 'yan gem sunana Muzuru. Maza masu son a ce sun iya amma ba su da haƙurin laɓewa, su ne ke ba ni mabuɗin akawun ɗinsu, in buga musu, su sallame ni, su je su yi ta bugun ƙirji. Ban taɓa magana da kowa da murya ba, saboda haka duk sun ɗauka namiji ne, har da masu ce mini "maigida". A gida kuwa ba wanda ya sani. Umma ta ji cewa ina musayar saƙo da mazan da ban sani ba? Wallahi a tankin ruwa na'urar za ta kwana.

Abin da aka sani a gida shi ne wani kamfanin da ke yin gem na waya ya ɗauke ni aikin gwaji, zan fara farkon wata. Baba tsohon malamin makaranta ne, ba ya yawan magana, amma ranar da takardar ta zo sau uku ya karanta ta. Daga nan ya kafa sharaɗi: duk mai son aurena sai ya yarda in yi aikina.

Ana haka Gwaggo ta zo da albishir. Ɗan abokin mijinta ne, manaja a wani kamfanin tayil, ga mota ga gida ga ladabi.

"Kuma shi ma yana wannan danne-dannen naku," in ji ta, tana yatsina fuska. "Kin ga sai ku haɗu ku danne juna."

Ranar Asabar da la'asar ya zo. Umma ta sa ni saka doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, da mayafi baƙi, ta tsaya a kaina sai da na shafa hoda. Tun ina tsakar gida turarensa ya tare ni, kamar an fasa kwalbar a ƙofar falo. Na shiga na same shi ya baje a kujerar Yaya: farar riga mai guga kamar wuƙa, takalmi mai tsini yana ƙyalli, agogo ƙato da ya fi ƙarfin hannun, wayoyi biyu da makullin mota an jera su a kan tebur yadda ba za su ɓoyu ba. Ya gama gaisawa da Baba, har ya yi masa alkawarin barina in yi aikina da hannu a ƙirji.

"Ni ai mutum ne mai wayewa, Baba. Ta yi aikinta, ni zan riƙa kai ta ma."

Baba ya gyaɗa kai ya fita. Na ajiye masa lemo da ruwa na zauna can gefe.

"Ƙanwata, an ce kina taɓa gem."

"Kaɗan-kaɗan."

"Irin na jera alewa ko? Ko na yi wa 'yartsana kwalliya?" Ya yi dariya shi kaɗai. "Ba laifi, kowa da ajinsa. Mu namu na manya ne. Akwai wani na laɓe-laɓe, na biyun, ba na jin kin taɓa jin sa. Yana son ƙwaƙwalwa da sanyin jini. Mata ba su cika jure shi ba, kun fiye firgita."

Na ce, "Allah sarki."

A raina kuwa na ce, ci gaba, ɗan nema, tukunyar tana kan wuta.

Ya ɗauki babbar wayar ya matso, ya buɗe shafinsa a dandali ya miƙo mini har kusa da hancina.

"Kin ga wannan? Lambar Fatalwa. A cikin mutum dubu da ƙyar ki sami biyu. Sati uku na yi ina fama."

Na dubi sunan da ke saman shafin. Zakin Duhu.

Jama'a, lemon da na kurɓa saura kaɗan ya fito ta hanci. Zakin Duhu! Mutum na shida a cikin takwas ɗina. Wanda da na shiga akawun ɗinsa na tarar ya mutu sau ɗari da goma sha huɗu a babi na ɗaya, wurin da ake koya wa mutum tsugunno. Wanda karen farko ya cije shi har sai da na ji tausayin karen. Kwana huɗu na yi ina wanke masa sunansa, shi ne yau ya zama sati uku na fama.

"Lafiya?" ya ce.

"Mamaki ne ya kama ni. Yaya aka yi ka wuce gidan alƙali, inda fitila ke juyawa?"

Ya ɗan yi turus, sai ya murmusa. "Au, kin ɗan sani ashe. Wannan ai sirrin gwanaye ne. Sai a hankali zan koya miki."

Babu wani gidan alƙali a gem ɗin. Ni na ƙirƙire shi a wurin.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga ba ni labarin ƙarin gem ɗin da aka fitar kwanan nan, wai sai wanda ya gama na biyun ne kaɗai zai iya buɗe shi. Ƙarya. Ƙarin nan mai zaman kansa ne, ko ba ka taɓa ganin na biyun ba kana iya saye ka buga, an rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ya ce a ciki an ƙara wa jarumar bindigogi. Ƙarya ta biyu. Babu jarumar ma sam. Wani tsoho ake ba ka, maƙerin makullai mai ciwon gwiwa, zai shiga kurkukun tsibiri ya fito da 'yarsa. Ba ya gudu, ba ya tsalle, ba shi da makami sai 'yan wayoyin ƙarfe na buɗe ƙofa da haƙuri. Ni na gama shi tun satin da ya fito, har na yi hawaye a ƙarshensa.

"Na kusa cinye shi," in ji Manaja, yana kaɗa makullin mota. "Asabar mai zuwa zan nuna miki lambar."

Da ya tafi Gwaggo ta faɗo ɗakina kamar an jefo ta. "To? Kin ga mutum ko? Kin ga takalmi?"

Na ce na ga takalmi.

Litinin da safe ina shanya a bayan gida, waya ta yi ƙara a aljihuna. Saƙo ne a dandali, zuwa ga Muzuru.

"Maigida, barka da safiya. Aiki ya taso na gaggawa. Ƙarin nan nake so ka cinye mini, da lambar Fatalwa, kafin Asabar."

Na ajiye bokiti na zauna a kan dakali. Na rubuta, "Me ya yi zafi haka?"

"Wata yarinya ce aka haɗa ni da ita. Tana ɗan taɓa gem, na ga tana da rawar kai. So nake in nuna mata ruwa ba sa'an kwando ba ne."

"Tana da kyau?"

"Ba laifi. Da an gyara ta za ta fito. Kifin rijiya ce dai, ba ta san komai ba."

Na dubi hannuna da kumfar sabulu, na ce a raina, kifin rijiya na gaishe ka. Ya kamata in tsaya a nan, na sani. Amma wa ya taɓa samun taga a buɗe cikin zuciyar mai neman aurensa ya ƙi leƙawa?

"To in tana son gem ai kun dace," na rubuta.

"Haba maigida, kai ma ka san zance. Ana ɗaura aure na'urar za ta koma ɗakina. Wai har aiki ta samu na gwajin gem, ka ji shirme. Tsohon nata ya kafa sharaɗi, na ce masa to. Baki ne, me ya ci? In ta shigo gidana sai in ga ta ƙofar da za ta fita."

Dariyar da nake yi ta tsaya cak. Na karanta saƙon sau biyu, na tuna hannunsa a ƙirji da yadda Baba ya gyaɗa kai ya yarda da shi. Raina ni da ya yi bai dame ni ba, na saba da irinsu a dandali. Amma ya zauna a falonmu, ya sha ruwanmu, ya kalli tsohon nan cikin ido ya shirga masa ƙarya, ya kuma koma yana kiransa "tsohon nata" a gaban wani ƙato da bai taɓa gani ba?

Na sami Umma a kicin tana goge murhu.

"Umma, ni fa mutumin nan bai kwanta mini ba."

Ba ta ko juyo ba. "Me ya yi?"

"Maƙaryaci ne."

"Wace ƙaryar ya yi miki?"

In ce me? In ce shi ya gaya mini da kansa, yana zaton ni wani gardi ne mai suna Muzuru?

"Jikina ne ya ba ni."

Ta ajiye tsumman ta juyo. "Jikinki. Na farko jikinki ya ba ki gajere ne. Na biyu jikinki ya ba ki yana tauna da ƙara. Auta, ni na gaji da kunyar Gwaggonku. Kullum sai ta nuna ni na sangarta ki. Wannan ya yarda da aikinki, ya yarda da wasanki, me kuma kike nema? Mala'ika? In kina da hujja kawo. In babu, Asabar ki yi wanka ki fito da fara'a."

Idonta ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Na koma ɗaki na zauna gaban na'ura. Hujja tana cikin wayata, amma hujjar da za ta kama shi ita za ta fara kama ni. Sai na yi abin da gem ɗin ya koya mini: in ba za ka iya tunkarar mai gadi ba, bar shi ya taka da ƙafarsa zuwa inda kake so.

Na rubuta wa Zakin Duhu, "An gama. Turo mabuɗi."

Kwana biyu na yi ina jan tsohon maƙerin nan a lungunan kurkuku, ina lallaɓa gwiwarsa a kan matakala, ina jiran masu gadi su juya baya. Ranar Alhamis lambar ta hau shafinsa tana walƙiya. Ya turo mini hotunan wuta guda biyar da "Maigida, kai ba mutum ba ne!" Na ce a raina, wannan kam ka yi gaskiya, ba mutumin da kake zato ba ne.

Juma'a na sami Baba yana karanta jarida a baranda.

"Baba, Manaja fa gwani ne a gem ɗin nan. Ya ce zai nuna mini gobe. Ko in kawo na'urar falo kowa ya gani? Ka ga sai ka san irin aikin da zan je yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kawo," ya ce.

Asabar Manaja ya iso cikin shuɗiyar riga mai maɓallan azurfa, da sabon aski, turaren ya ninka na wancan satin. Gwaggo ta riga shi zuwa, ta sha gwaggwaro ta kame a kujerar tsakiya kamar ita za a aura. Bai gama zama ba ya zaro waya.

"Ƙanwata, alkawari kaya. Ga ta nan. Jiya na ƙarasa."

Na riƙe baki. "Kai! Gwaggo, kin gani? Wannan lambar fa sai gwanin gwanaye."

"Ai na gaya muku," in ji Gwaggo, ita da ba ta san ko lambar mota ce ba.

"Don Allah ka ɗan buga mana babin farko mu gani. Ga shi na haɗa komai."

Sai a lokacin ya lura da na'urar a ƙarƙashin talabijin, da tsohon maƙeri tsaye a allon yana jira a bakin ƙofar kurkuku.

"Ai... kada mu cika su Baba da hayaniya."

"Ba komai," Baba ya ce, ya naɗe jaridarsa. "Ina so in gani."

Na miƙa masa hannun gem da hannu biyu, cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

Jama'a, abin da idona ya gani! Mutumin da ya ci lambar Fatalwa jiya, yau ya rasa maɓallin tsugunno. Ya tura tsoho gaba gaɗi tsakiyar fitila kamar mai zuwa karɓar kyauta. Mai gadi ya busa usur, aka cafke shi. Ya sake. Wannan karon ya yi ta danna maɓallin gudu, tsoho ya dafe gwiwa ya tsaya yana haki, kare ya zo ya gama da shi. Karo na uku ya jefa kwalba, ta daki bango ta dawo ta fashe a gabansa, masu gadi huɗu suka taru a kansa.

"Wannan dattijon bai da lafiya ne?" Gwaggo ta tambaya.

"Hannun ne," in ji Manaja, gumi na bin sabon askin. "Nawa na gida ba irin wannan ba ne. Wannan ya saki."

"Ai kuwa," Gwaggo ta cafe. "Kullum tana danna shi ba dole ya saki ba."

Baba ya ce, "Auta, karɓi mu ga ko ya saki."

Na karɓa. Na tsugunar da tsoho, na bi gindin bango, na jira fitila ta wuce, na buɗe ƙaramar ƙofar gefe, na shige ta bayan mai gadi yana hamma. Ko minti biyu ba a yi ba. Na mayar da wasan farko, na sake miƙa masa.

"Lafiyarsa ƙalau. Bismillah."

Manaja ya karɓa yana share gumi. Dariya ta taso mini har wuya, na ɗauki wayata na duƙar da kai ina latse-latsen ƙarya don kada ta kuɓuce. Umma, wadda tun ɗazu take hararata daga bakin ƙofa, ta tako ta fizge wayar.

"Baƙo na zaune kina latsa waya? Ba tarbiyyar da na ba ki ba ke nan." Ta ajiye ta a hannun kujerar Baba. "Riƙe mata, Malam, sai baƙo ya tafi."

Manaja ya mutu karo na huɗu, ya mutu na biyar. Sai ya ajiye hannun gem ya miƙe yana gyara riga.

"Baba, a yi mini uzuri, zan ɗan zaga."

Umma ta nuna masa hanya. Na lura ya ɗauki babbar wayar ya tafi da ita, na ce a raina, su gwani an tafi neman taimako a intanet. Ina cikin jin daɗina ban kawo komai ba.

Sai wayata ta yi ƙara a gefen Baba.

Ta sake yi. Ta sake.

A gidanmu Umma ta hana kulle waya da lambar sirri, ta ce wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya rufe ƙofa. Allon ya haska, kuma daga inda nake zaune ina hango sunan mai saƙon.

"Wa ke damun ki haka?" Baba ya ce, ya ɗaga wayar ya nisanta ta da fuskarsa yadda yake karanta jarida.

"Baba, ba komai ba ne, kawo in..."

Ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Ya karanta a fili, a hankali, da muryarsa ta aji:

"Maigida Muzuru, ka taimake ni, ina banɗakin gidan su yarinyar nan. Ta ƙure ni a gaban tsohonta. Wane maɓalli ne na tsugunno? Yi sauri don girman Allah."

Gwaggo ta saki baki. Umma ta dafe ƙirji ta dube ni, ta dubi wayar, ta sake dubana. Baba ya gyara tabarau, ya sa babban yatsa ya fara jan saƙonnin sama, yana karantawa a zuci. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya iso na ranar Litinin. Ya tsaya a wurin ya daɗe, har na ga jijiyar gefen kansa ta tashi.

Muka ji ƙarar ruwa, muka ji an buɗe ƙofa. Manaja ya shigo yana goge hannu da hankici, da murmushinsa ya gyaro shi tsaf.

"Yauwa, ina muka tsaya?"

Baba ya kife wayar a kan gwiwarsa, ya cire tabarau ya ninke.

"Zauna, Zakin Duhu," ya ce. Sannan ya juyo gare ni, ni da na riga na miƙe ina laluben hanyar ƙofa. "Ke ma dawo ki zauna, Muzuru."